Yadda Za Ka Haɗa Manaɗin Zaren Fatsa a Gida

Duk wanda ya taɓa ɗura sabon zare a ril ɗin kamun kifi, wato na'urar naɗe zare da ke jikin sandar fatsa, ya san tsohuwar dabarar nan. Ka kira yaro, ka soka biro a ramin ƙwarƙwaron zaren, ka ce ya riƙe da hannu biyu, kai kuma kana juyawa. Minti biyu sai yaro ya fara kallon wani wuri. Nan ya matse, can ya saki, ƙarshe ƙwarƙwaro ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado. Shekaru na yi a haka a ɗakina na Agege, har wata Lahadi da muka je gaɓar teku ta Tarkwa Bay a nan Legas. Jifa ta uku zaren ya fito a dunƙule, ya cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana. Abokan tafiya na ta ɗaga kifi, ni ina zaune a kan dutse ina warwara. Ril ɗin lafiyarsa ƙalau, zaren ma mai kyau ne. Naɗin ne bai yi ba.

Mu da muka taso a Arewa mun fi sanin homa da taru da mamari, ko fatsar da ake ɗaura wa kara. Ril da sanda a bakin ruwan Legas yawancinmu muka koye su, kuma ba mai zaunar da kai ya gaya maka cewa rabin wahalar da ake sha a bakin ruwa daga gida ake taho da ita. Abin da zan nuna maka ina kiransa manaɗi. Katako ne da rodi da 'yan notuna, aikinsa guda biyu: ya sa zare ya shiga ril da tsauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma ya shiga ta fuskar da ta dace. Sauran duk ado ne.

Fara duba irin ril ɗinka

Kafin ka yanka katako, ka san wane iri ke hannunka, domin iri biyun ba a ɗura musu zare ta hanya ɗaya.

Na farko shi ne mai rataye a ƙarƙashin sanda, wanda ya fi yawa a hannun mutanenmu. Ƙwarƙwaronsa ba ya juyawa lokacin naɗi. Wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da baka ne ke zagaye shi yana ɗora zare, kuma kowane zagaye ɗaya yana murɗa zaren sau ɗaya. Na biyu yana zama a saman sanda, ƙwarƙwaronsa kwance yake a gicciye, shi da kansa yake juyawa kamar na keken ɗinki. Irinsa ake gani wajen masu shiga teku da jirgi suna neman barakuda. Wannan ba ya murɗa zare in dai an ba shi daidai.

Saboda haka manaɗin zai kasance da mazauni biyu na ƙwarƙwaron da ka sayo a kanti: ɗaya a gicciye inda zai riƙa juyawa, ɗaya kuma yana fuskantar ril inda zai tsaya cik zare na zamewa ta bakinsa.

Kayan da za ka nema

Falanki mai kaurin inci ɗaya, tsawon santimita 70, faɗin santimita 20. Shi ne gindi. Sai guntayen tu-bai-tu, wato katako mai inci biyu kowace fuska, guda huɗu: biyu masu tsawon santimita 20, biyu masu santimita 15. Ba sai ka je kasuwar katako ta Amu a Mushin ba, ragowar da ke zube a shagon kafintan unguwa ta isa. Ka dai zaɓi busasshe, don ɗanyen katako a damunar Legas lanƙwashewa yake yi.

Ɓangaren ƙarfe: rodi mai tiredi na milimita 8, wato wanda aka yi wa haƙoran noti daga farko har ƙarshe, tsawon santimita 35, da wani guntu na santimita 18. Notuna takwas masu hawa kansa, sifana lamba 13 ce ke kama su. Noti mai kunnuwa guda uku, irin wanda ake murɗawa da yatsu. Washa masu faɗi guda takwas. Sifirin ɗaya da zai shiga rodin, wanda za ka iya matse shi tsakanin babban yatsa da manuni da ɗan ƙoƙari. Kada ka ɗauki sifirin na bawul ɗin mota ko da a kasuwar kayan mota ta Ladipo kyauta aka ba ka, ya yi ƙarfi da yawa. A kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin, kusa da Mile 12, ko wajen 'yan gwangwan na unguwarku, za ka tsinci irin waɗannan. In ka samu notuna da rodi marasa tsatsa, biya kuɗin kawai. Iskar garin nan gishiri gare ta, baƙin ƙarfe wata biyu ya yi ja.

Sai ƙananan abubuwa: guntun fata mai laushi daga wajen mai gyaran takalmi, guntun tiyo siriri da rodin zai shige cikinsa, tsohon silifa, kilif biyu na ɗaure tiyo, tsohon tub na babur, sukurori, gam na katako da sanfefa. In kana da karyayyiyar sandar fatsa, yanke mariƙinta tare da wurin zaman ril, ka kuma cire zobe ɗaya mafi girma. In babu, bututun roba na ruwa mai inci ɗaya, tsawon santimita 25, zai tsaya a madadinta.

Gindi da ginshiƙai

Goge falankin da sanfefa sosai, musamman gefuna. Ƙaramar tsaga a katako ta isa ta kankare zare ba ka sani ba, sai ranar da babban kifi ya ja.

Ɗauki guntayen santimita 20 ɗin nan biyu, ka haɗa su wuri ɗaya, ka huda su tare da bakin dirila na milimita 9, santimita 3 daga sama. Huda su tare ne zai sa ramukan su yi saiti. Ɗaya daga cikinsu ka yanke daga sama zuwa ramin da zarto, ya zama tsaga, yadda rodi zai faɗa ciki ta sama ba sai an zura ba. Kafa su a ƙarshen falankin, ɗaya a kowane gefe, da gam da sukurori biyu-biyu daga ƙasa. Fara huda ɗan ƙaramin rami kafin ka sa sukuru, kada katakon ya tsage.

Tsakanin ginshiƙan zai ba ka kusan santimita 10, wanda ya ishi ƙwarƙwaron mita 100 zuwa 300 da aka fi sayarwa. In kai mai sayen babban dami ne na mita 1000, nemi falanki mai faɗin santimita 30 tun farko.

Birki, inda aikin yake

Nan ne ya kamata ka natsu, don shi ne ya maye gurbin yatsun yaron nan.

Rodin ba zai juya ba. Ƙwarƙwaron ne zai juya a kansa, fata tana goga masa ta gefe biyu. Zura rodi ta ramin ginshiƙin da ba a tsaga ba, ka ɗaure shi da noti da washa ta waje, noti da washa ta ciki, ka matse sosai. Daga nan jera kaya kamar haka daga wannan ginshiƙin zuwa ɗayan: noti biyu da aka matse da juna, washa, faifan fata, ƙwarƙwaron zare, wani faifan fata, washa, sifirin, washa, sannan noti mai kunnuwa, a bayansa kuma noti ɗaya na kulli.

Faifan fatar ka yanka shi zagaye, ya ɗan fi washa faɗi, da rami a tsakiya. Wurin da ƙwarƙwaro zai zauna kuwa, sa wa rodin guntun tiyo. Dalili biyu ne. Haƙoran rodi suna cin robar ƙwarƙwaro, sannan ramin ƙwarƙwaron kanti kusan kullum ya fi rodin faɗi, sai ya riƙa tangal-tangal yana fizgar zare. In ramin ya yi faɗi ƙwarai, naɗa salatif a kan tiyon har ya cika, amma ka bar shi yana juyawa ba tare da ya kama ba. Tiyon kada ya kai faɗin ƙwarƙwaro tsawo, in ba haka ba washa za ta matse tiyo ta bar ƙwarƙwaro a sake.

Me ya sa sai da sifirin? Na farkon da na yi babu shi, noti ne kawai a kan washa. Ka ɗan murɗa kaɗan ya kame gam, ka ɗan sassauta ya saki gaba ɗaya. Sifirin ne ke ba ka tsaka-tsaki, kuma shi ke shanye ɗan karkacewar da ke jikin ƙwarƙwaron roba. Wanda bai samu sifirin ba, ya yanka faifai uku daga tsohon silifa ya jera su a wurin. Yana yi, sai dai yakan mutu da wuri.

Notin kullin nan na baya kada ka raina shi. Juyawar ƙwarƙwaro tana jan washa, washa na jan noti mai kunnuwa, sai ka ga birki yana ƙara ƙarfi ko yana sakewa da kansa kana tsakar aiki. In ka daidaita tsaurin da kake so, matso da notin kulli ya daki bayansa.

Wani tsohon masunci ɗan Yawuri da muke haɗuwa a bakin ruwa ya taɓa duba nawa, ya ce, "Yaro, wannan ai tariyar masaƙa ce ka sa wa noti." Na ce, "Haka ne, Baba." Gaskiyarsa kuwa. Wanda ya taɓa ganin masaƙi na cika ƙwarƙwaro ya san in zare ya shiga a sake, saƙa ba ta kyau.

Mazaunin ril

A ɗaya ƙarshen falankin, kafa guntun santimita 15 ɗaya a tsakiya. Ka feƙe samansa ya yi ɗan kwari, ka kwantar da mariƙin tsohuwar sandar a kai yana kallon ginshiƙai, ka ɗaure da sukurori biyu ko ka naɗe da tsinken tub sosai. In bututun roba ne, ɗora ƙafar ril a kansa, sa ɗan yankin tub a ƙarƙashin kowane kilif don kada ya kankare fentin ril, sannan ka matse.

Ril mai rataye a ƙasa yana buƙatar fili. Bari mariƙin ya zarce ta yadda hannun juyawa ba zai bugi falanki ko teburi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kafa ginshiƙin a ɗan gefe, ka juya ril ɗin ya tsaya a sama maimakon ƙasa. Gwada juyawa sau goma babu zare kafin ka ƙarasa ɗaurewa.

Guntu na huɗu ka kafa shi a tsakiyar falanki, ka ɗaure zoben tsohuwar sanda a samansa, daidai da tsayin bakin ril. Tazarar zoben da ril kada ta gaza santimita 30, don zare ya samu damar kaiwa da komowa yana shimfiɗuwa daidai. Shafa auduga a cikin zoben. In ta maƙale, akwai tsaga, nemi wani.

Mazauni na biyu

Wannan na ril mai baka ne. Yanka ɗan katako da zai gicciya tsakanin ginshiƙan biyu, ka huda tsakiyarsa, ka ɗaure guntun rodin santimita 18 yana nuna ril kamar yatsa. Ƙwarƙwaron kanti zai hau kansa, fuskarsa na kallon ril, ka matse shi da noti mai kunnuwa ya tsaya ba ya motsi. Zare zai riƙa zamewa ta baki. Duba bakin ƙwarƙwaron, yawancinsu suna da ɗan yanka inda ake maƙala bakin zare. Rufe shi da salatif, ko ya riƙa kama zaren a kowane zagaye.

Tunda a nan ƙwarƙwaro ba ya juyawa, birkin can ba shi da aiki. Tsauri zai fito ne daga matsewa. Manna fata a ƙananan katakai biyu, ka haɗa su fuska da fuska da bolti ɗaya da noti mai kunnuwa, ka ɗaure su jikin ginshiƙin zobe, zare ya bi ta tsakaninsu. Jiƙa fatar da ruwa kafin ka fara. Busasshiyar fata tana zafi, zafi kuma yana raunana zaren lailon.

Naɗin kansa

Ɗaure falankin a teburi da matsi, ko ka ɗora masa bulo. Zura zare ta zobe. In ril mai baka ne, buɗe bakan tukuna kafin ka ɗaura, abin da kowa ke mantawa sau ɗaya a rayuwarsa. Zagaya zaren sau biyu a jikin ƙwarƙwaron ril, ka yi ƙulli mai zarge a kan dogon zaren, ka yi wani ƙaramin ƙulli a bakin guntun don kada ya zame, ka ja ya kama. Rufe baka, ka matse birkin da ke jikin ril ɗin kansa sosai.

Ga mai juyawa a gicciye, zare ya fito ta saman ƙwarƙwaron kanti ya shiga ta saman na ril, su biyun suna juyawa fuska ɗaya. Yadda aka naɗe shi a masana'anta haka zai kwanta.

Ga mai baka, gwaji ne zai raba gardama. Juya hannu sau goma sha biyar, ka tsaya, ka sassauta zaren tsakanin zobe da ril ya yi lilo. In ya sauko a sake kamar igiyar shanya, ci gaba. In ya nannaɗe kansa yana tuƙewa, cire ƙwarƙwaron kanti ka juya ɗaya fuskar, ka sake gwadawa. Abin da ke faruwa shi ne kowane zagaye da ya zame daga na kanti yana zuwa da murɗa ɗaya, ril kuma yana ƙara tasa. Fuska ɗaya suna kashe juna, ɗaya fuskar suna taruwa. Ba za su kashe juna tas ba, tunda na kanti ya fi na ril faɗi, amma bambancin a bayyane yake. Wasu kamfanoni sukan rubuta a takardar ril cewa a ɗura nasu daga ƙwarƙwaro mai juyawa. In naka haka ya ce, bi takardar, manaɗin yana da duka biyun.

Tsauri nawa? Danna babban yatsa a kan zaren da ya hau. In ya nutse kamar burodi, ya yi sake, warware ka sake. In ka ji tauri kamar ɗanyen dankali, ya yi. Lailon kada ka matsa masa fiye da kima. Yana miƙewa in an ja, ya kuma nemi komawa, sai ya shaƙe ƙwarƙwaro, har yakan fasa na roba. Kitsattsen zare kuwa, wato wanda aka kitsa da siraran zaruruwa da yawa, ba ya miƙewa, shi ya fi son matsi. In ya shiga a sake, ranar da kifi ya ja da ƙarfi na sama zai nutse cikin na ƙasa ya kame. Kuma kada ka kuskura ka riƙe shi da yatsa tsirara yana gudu, yanka yake kamar reza.

Kitsattse yana da wani hali: santsi gare shi, yakan zame a jikin ƙarfe gaba ɗayansa, kana juya hannu ba abin da ke shigowa. Fara shimfiɗa lailon mita 10 zuwa 15 a ƙasa, sannan ka haɗa su da ƙulli. Ƙari ga haka yana rage maka tsada, don ba sai ka cika ril da mai tsadar ba.

Juya a hankali, gudu ɗaya. Ka tsaya in ya rage milimita 2 zuwa 3 zare ya kai leɓen ƙwarƙwaro. In ka cika maƙil zai riƙa zubowa a dunƙule. In ka bar shi can ƙasa zai riƙa gogar leɓe, jifarka ba za ta yi nisa ba.

Ɗan lissafi kafin ka sayi zare

A jikin ril za ka ga rubutu irin 0.30mm/200m. Ma'ana yana ɗaukar mita 200 na zare mai kaurin milimita 0.30. In za ka sa wani kauri, ninka tsohon kaurin da kansa, ka raba da sabon da aka ninka da kansa, ka ninka da tsawon. Wannan ril ɗin zai ɗauki kusan mita 147 na 0.35, kusan mita 112 na 0.40. Mutane na mamakin yadda ƙarin kauri kaɗan ke cinye wuri haka. Mai neman karfasa da tarwada a Epe ko Badagry ba ruwansa da wannan sosai. Mai jifa daga kan duwatsun bakin teku, inda kifi ke iya kwasar zare da gudu, shi ya kamata ya yi lissafin.

Cire tsohon zare

Manaɗin yana yin wannan ma. Huda murfin gorar ruwa, ka sa bolti da noti, ka mayar da murfin kan gorar, ka kama boltin a bakin dirila. Sassauta birkin ril, ɗaura bakin zare a gorar, ka kunna dirilar a hankali. In babu wuta kuma batir ya mutu, wanda ba sabon labari ba ne, sa ƙwarƙwaron da ya ƙare a kan rodi ka juya da hannu. Tsohon lailon ka yayyanka shi guntu-guntu kafin ka zuba a shara. Kada ya shiga kwata, don duk kwatar Legas ruwa take nufa, can kuma ya naɗe ƙafar tsuntsu ko farfelar injin wani.

Lailon yana shan ruwa, rana kuma tana cinsa. Mai zuwa ruwa duk mako ya canza shi aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da zarar ya ji ya yi kaushi a hannu, ko ya ga yana fitowa a nannaɗe kamar wayar tarho ta da. Sabon da ka naɗa, cire ƙwarƙwaron ril ɗin ka jiƙa shi a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, na minti goma, zai kwanta ya saba da sabon wurinsa.

In ka gama, sassauta noti mai kunnuwa don sifirin ya huta. Shafa ɗan giris a haƙoran rodi, amma kada ya taɓa fatar, don fata mai maiƙo ba ta birki. In ta yi sumul da amfani, kankare ta da sanfefa ko ka yanko sabuwa. Ragowar zaren kuma ka sa a leda ka ajiye cikin akwati, nesa da taga da kuma hayaƙin janareta.